Kwana uku a Olkaria, inda ake kiwon rijiyoyin tururi

Daga Nairobi zuwa Olkaria, filin da Kenya ke samar da lantarki daga tururin ƙarƙashin ƙasa, tafiyar kilomita kusan 120 ce, amma kada mutum ya auna lokacinsa da yawan kilomita, domin manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Mombasa zuwa Yuganda su ne masu hanyar. Mun bi ta tsohuwar hanyar da ke gangarowa daga bakin tsauni zuwa cikin Kwarin Rift, muka wuce ɗan ƙaramin cocin nan da fursunonin yaƙi 'yan Italiya suka gina a 1942, muka sauka garin Mai Mahiu. Kunnen Bahaushe zai ji sunan kamar laƙabin wani attajiri, alhali a harshen Kikuyu ma'anarsa ruwan zafi. Tun daga nan ƙasar ta fara faɗin abin da ke cikinta. Dutsen Longonot, mai tsayin mita 2,776, yana tsaye gefen hanya da bakinsa a wangame, tsohon mai aman wuta ne da ya yi shiru. Kafin a shiga garin Naivasha sai a karya hagu, a bi gefen tafkin ta kudu, tsakanin rumfunan leda na gonakin furanni, har a kai ƙofar Olkaria ta gandun dajin Hell's Gate.

Hanci ne ya fara sanar da ni mun iso. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya shigo motar tun gilashi na rufe. Sai kuma ƙara, wani gurnani mai tsawo da ba ya yankewa, sannan farin tururi yana tashi daga wurare da dama a jikin tuddai. Bututai masu kauri, an naɗe su da abin riƙe zafi an rufe da kwano mai launin ciyawa, suna bin ƙasa suna hawa suna sauka, jakunan dawa da gadu na kiwo a gindinsu ko a jikinsu. Nan da can bututun zai miƙe sama, ya yi ƙofa, ya sake saukowa. Direbobi kan ce don raƙuman dawa aka yi, kuma da gaskiyarsu, dabbobi na wucewa ta ƙarƙashi. Amma ko babu dabba ɗaya a wurin dole a yi lanƙwasar. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi: bututu mai tsawon mita 100 da zafinsa ya ƙaru da digiri 140 zai ƙara kusan santimita 17. Idan ba a bar masa wurin numfasawa ba, zai tsinke walda ko ya tumɓuke ginshiƙan da ke ɗauke da shi.

Sunan wurin daga harshen Masai ne, yana nufin jar ƙasar da suke shafawa a jiki da gashi. An fara neman tururi a nan tun 1956, aka haƙa rijiyoyi biyu da ba su biya buƙata ba, aka watsar. A farkon shekarun 1970 aka dawo da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Injin farko mai megawat 15 ya fara aiki a 1981, na biyu a 1982, na uku a 1985, jimla 45, kuma ita ce babbar tashar farko a Afirka da ta samar da lantarki daga zafin ƙarƙashin ƙasa. Daga nan aka yi ta ƙari: Olkaria II ta zo da megawat 70 a 2003 aka cika ta 105 a 2010, Olkaria IV ta kawo 140 a 2014, aka ƙara wa tsohuwar tashar wasu injuna biyu masu 140, Olkaria V ta shigo a 2019 da sama da 160, wani injin mai sama da 80 ya biyo baya a 2022. Waɗannan duk na KenGen ne, kamfanin samar da lantarki na Kenya. A yamma akwai Olkaria III ta kamfanin Ormat, mai kusan 150. Idan aka haɗa, fili ɗaya ya haura megawat 800, ya zarce madatsar Kainji mai 760, kuma ba ya jiran damina. Sama da kashi 40 cikin ɗari na wutar da Kenya ke samarwa daga zafin ƙasa take fitowa.

Baƙo yakan so a kai shi ɗakin injuna kai tsaye. Injiniyan da ya zaga da mu ranar farko ya ƙi, ya ce a fara da bakin rijiya, domin injin abu ne da ake saye a kasuwa a kuma sauya, abin da ke ƙasa kuwa ba shi da kantin kayan gyara. Na ga hikimar hakan daga baya.

Abin da ke ƙasan ba tafki ba ne kamar yadda mutane ke zato. Dutse ne mai tsage-tsage, ruwan sama ya daɗe yana tsiyaya cikin tsagogin, narkakken dutsen da ke can ƙasa yana gasa shi. A gabashin filin, inda aka fara aiki, akwai shimfiɗar tururi mai zafin kusan digiri 240 a zurfin mita ɗari shida zuwa takwas, a ƙarƙashinta kuma ruwa ne da zafinsa ke haura 300 idan aka nutsa. Ruwan bai tafasa ya ƙone ba saboda nauyin da ke danne shi. Da zarar rijiya ta buɗe masa hanya matsin ya ragu, sai ya fara tafasa tun yana cikin dutse ko cikin bututun rijiyar, ya taso da ƙarfin kansa, tururi da ruwa a gauraye. Babu famfo. Wanda ya san rijiyoyin burtsatsen Borno masu feshi da kansu, waɗanda aka haƙa tun shekarun 1950 aka bar da yawa suna kwarara dare da rana har ƙarfinsu ya ja baya, ya riga ya fahimci rabin matsalar Olkaria. Na kira wannan taska ta ƙasa rumbu, don haka masu aikin ke ɗaukarta: abin da ake ɗiba da lissafi.

Rijiyoyin farko gajeru ne, wasu ba su kai mita 1,000 ba. Na yanzu suna kaiwa mita 3,000, kuma da yawa ana karkata su tun daga 'yan ɗaruruwan mita, ta yadda daga dandali guda za a haƙa uku ko huɗu, kowace ta nufi tsagar da ake hari. Ginin rijiyar hawa-hawa ne. Kesin farko, wato bututun ƙarfen da ke tare bangon rijiya, mai faɗin inci 20 yana sauka kusan mita 60, na biyu mai inci 13 da ɗoriya yana kaiwa wajen mita 300 kuma a kansa ake ɗaura bawul ɗin bakin rijiya, na uku mai inci 9 da ɗoriya yana wuce duk ruwan sanyin da ke sama har ya shiga dutse mai zafi, tsakanin mita 750 da 1,200 gwargwadon wurin. Waɗannan ukun ana ɗure bayansu da siminti har sama. Daga nan zuwa gindi bututu ne mai inci 7 da aka tsattsaga jikinsa, ba siminti, ta nan ruwan zafin ke shigowa. Aikin kan ci kusan wata biyu da dala miliyan biyar zuwa shida, kuma matsakaiciyar rijiya megawat biyar take bayarwa. Akwai wadda ta yi fice, OW-921A, da aka auna ta kusan megawat 30 a 2014. Akwai kuma waɗanda aka kashe kuɗin suka fito a bushe.

Simintin nan shi ne inda ake shuka matsalar da za ta tsiro bayan shekara goma. Idan aka bar ɗan aljihun ruwa tsakanin kesin biyu lokacin ɗurawa, ranar da rijiyar ta yi zafi ruwan zai kumbura, ba shi da mafita, sai ya matse kesin ciki ya lotsa shi. Idan kuma simintin ya tsage, ruwan sanyi na sama zai riƙa zuba cikin rijiyar yana kashe mata tafasa. Shi ya sa ba a son a riƙa kashe rijiya ana kunnawa. Kowane sanyi da zafi yana sa ƙarfen ya takure ya miƙe, simintin kuwa ba ya bin sa. Rijiyar da ba a amfani da ita ma ana barin wani siririn bututu a buɗe tana ɗan huci, don ta zauna da ɗumi kuma iskar guba kada ta taru a bakinta.

Mun tarar ana gwajin wata sabuwar rijiya, kuma a nan ne gurnanin ke fitowa. Sai da toshin kunne. Bayan an gama haƙa, ruwan da aka yi ta zubawa don sanyaya haƙorin injin ya riga ya sanyaya dutsen, don haka ana barin rijiyar makonni ta farfaɗo, ana zura ma'aunin zafi da matsi lokaci-lokaci ana duba yadda take ɗumama. Idan ta ƙi tasowa da kanta, sai a danna mata iska da kwamfaresa a tura ruwan ƙasa inda zai yi zafi, a bar shi sa'o'i, sannan a buɗe bawul farat ɗaya. Abin da ya fito ana kai shi cikin wata tukunya mai rage ƙara. Ana karanta matsin a leɓen bututun da ke feshin, ana auna ruwan da ke bi ta wani kwalbati mai tsaga, daga lambobin biyu ake fitar da tan nawa rijiyar ke bayarwa a sa'a da kuma yawan zafin da ke cikin kowane kilo. Ana sauya faɗin leɓen a sake, har a san halinta a matsi daban-daban. Wata ɗaya zuwa uku ake yi ana wannan, domin rijiya kan yi kurin banza a makon farko.

Daga bakin rijiya gaurayen yana zuwa marabi, wata doguwar tukunyar ƙarfe a tsaye. Yana shiga ta gefe yana juyawa kamar guguwa, ruwan ya manne da bango ya sauka, tururin ya fita ta tsakiya. Tururin ya kama hanyar tasha. Ruwan da ya rage zartsi ne, ɗauke da gishiri da silika (sinadarin da ke cikin yashi) da sinadarin fuloraid mai yawa, bai sha ba bai ban ruwa ba. A shekarun farko kwararar da shi ake yi cikin kududdufai ya tsotse. Yau shi ne dukiyar da ake tattali.

Dalilin yana cikin tarihin tsohuwar tashar. Shekaru kaɗan da fara aiki aka ga tururin rijiyoyin gabas yana raguwa da 'yan kashi cikin ɗari kowace shekara. Ana ɗiba fiye da yadda ƙasa ke mayarwa, matsi na sauka, ruwan da ke kusa da rijiyoyin na ƙonewa. Wasu rijiyoyin suka bushe suka koma tururi zalla, wanda da farko kamar riba ne tunda babu zartsin da za a yi fama da shi, amma alama ce ta ana cin jari. A farkon shekarun 1990 tashar ta kasa cika megawat 45 ɗinta. Abu uku aka yi: aka haƙa rijiyoyin ciko aka haɗa, aka zurfafa wata tsohuwar rijiya ta kai ga ruwan da ke ƙasa, aka kuma fara mayar da zartsin cikin rumbun ta rijiyoyin da aka ware. Tashar ta dawo da ƙarfinta, kuma injunan nan uku sun yi aiki har suka doshi shekara arba'in.

Lissafin ciko ba shi da wuya, kuma duk mai son sanin ko ana tafiyar da irin wannan tasha da gaskiya shi zai fara tambaya. A ce tashar megawat 140 ce, tururinta na raguwa da kashi 4 cikin ɗari a shekara. Asarar megawat biyar da rabi ke nan, wato rijiya guda kowace shekara, dala miliyan biyar ko shida, har tashar ta tsufa. Wanda ya ce wutar zafin ƙasa ba ta cin mai ya faɗi gaskiya, sai dai rijiyoyin ciko su ne man da take ci. Don haka ake fara tasha da rarar tururi a bakin rijiyoyi, ana kuma ajiye injin haƙa yana aiki tun kafin a ga gibi. Daga ranar da aka yanke shawarar haƙawa zuwa ranar da tururin zai shiga bututu ana iya cin shekara.

Mayar da ruwa kuwa magani ne mai kaifi biyu, kuma a kansa muka fi daɗewa rana ta biyu a ofishin masu lura da rumbun. Zartsin da ke fita daga marabi yana da zafin digiri 150 zuwa 190 gwargwadon matsin da aka raba shi, dutsen da za a mayar da shi kuwa ya haura 250. Idan rijiyar mayarwa ta yi nisa, ruwan ya tafi wani wuri bai tallafi matsi ba. Idan ta yi kusa, ko kuma wata babbar tsaga ta haɗa ta da rijiyar ɗiba kai tsaye, ruwan zai iso kafin ya ɗau zafi, ya sanyaya rijiyar, tururinta ya faɗi. Dutsen da ya huce kuma ba ya komawa yadda yake a tsawon ran tasha. Hanyar ganewa ita ce a zuba sinadarin shaida cikin rijiyar mayarwa, wanda zafi ba ya lalata shi kuma babu irinsa a ƙasa, sannan a yi ta ɗibar samfuri daga rijiyoyin kewaye, da farko kullum, daga baya mako-mako, har watanni. Idan shaidar ta ɓullo cikin kwanaki kuma da yawa, akwai gajeriyar hanya, sai a rage abin da ake zubawa ko a sauya rijiya. Idan ta zo a hankali bayan watanni, kaɗan-kaɗan a rijiyoyi da dama, abin da ake nema ke nan.

Sinadaran ruwan ma suna ba da labari tun kafin ma'aunin zafi ya motsa. Gishirin rijiya ya riƙa hawa, to zartsin da aka mayar ne ke dawowa ko kuma tafasa ta yi yawa. Ya riƙa sauka, ruwan sanyi mai daɗi ne ke kutsowa daga sama ko daga gefen filin. Ana haɗa wannan da awon matsi a rijiyoyin da aka keɓe don sa ido kawai, da awon ko ƙasa na lotsawa, da na'urorin jin ƙananan girgizar ƙasa, a zuba duka cikin kwamfutar da aka siffanta rumbun a cikinta. Ana gwada siffar da abin da ya riga ya faru. Idan ta iya maimaita tarihin shekarun baya, sannan ake yarda ta yi hasashen na gaba, kuma da ita ake yanke ko filin zai ɗauki sabuwar tasha.

Masu aikin Olkaria suna yawan ambaton filayen da suka riga su shan wuya. A The Geysers ta jihar Kalifoniya a Amurka, kamfanoni da dama sun yi ta kafa injuna a kan rumbu ɗaya har suka kai kusan megawat 2,000, tururi ya kai ƙololuwa a 1987 sannan ya rikito. Sai da aka ja bututu ana kawo tataccen ruwan bahaya na garuruwa ana ɗurawa, na farko a 1997, na biyu daga Santa Rosa a 2003 mai kawo lita miliyan 40 da ɗoriya a rana, kafin faɗuwar ta lafa, kuma har yau abin da filin ke bayarwa bai kai rabin wancan adadi ba. A Wairakei ta ƙasar Niyu Zilan, wadda ke aiki tun 1958, an daɗe ana zubar da zartsi a kogi, maɓuɓɓugan da ke feshi suka mutu, wani yanki na ƙasar ya lotsa kusan mita 15. Ohaaki, ita ma a can, an buɗe ta a 1989 da sama da megawat 100, ruwan sanyi ya kutso ta koma ƙasa da rabi. A ganina abin da ya fi taimakon Olkaria shi ne jinkirin da ya yi kama da rashin kuɗi: shekara 18 tsakanin inji na uku da Olkaria II ya ba su tarihin rumbun a rubuce kafin su yi babban faɗaɗawa. Ɗibar da ake yi yanzu ta ninka ta wancan zamani kusan sau ashirin, mafi yawanta kuma daga 2014 ta fara. Da sauran rina a kaba.

A farfajiyar wani marabi aka nuna mana guntun bututun da aka yanko. Cikinsa ya yi ƙanzo fari-fari mai tauri kamar tangaran, ramin ya tsuke. Silika ce. Ruwa mai zafin 300 yana narkar da ita daga dutse, idan ya huce kuma wani sashensa ya tafi a tururi, sai ta yi masa yawa ta fara kwanciya. Ƙa'idar da ake bi da ka ita ce kada zartsi ya huce fiye da kusan digiri 100 ƙasa da zafin rumbun da ya fito. Saboda haka rijiyoyin da suka fi zafi, irin na yankin Domes da ke ciyar da Olkaria IV da V, ana raba su a matsi mafi girma, sama da ba 10 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), alhali tsohuwar tasha a kan ba 5 take karɓar tururi (tayar ƙaramar mota ba 2 da ɗan ɗori ce, don kwatance). Zartsin kuma ana kai shi rijiyar mayarwa da zafinsa, cikin rufaffen bututu, ba tare da ya sha iska ko ya tsaya ba. Inda abin ya fi muni shi ne ƙanzon ya kwanta can cikin tsagogin dutsen rijiyar mayarwa, inda hannu ba ya kaiwa. Alamarsa rijiyar ta fara ƙin shan ruwa, matsin bakinta na hawa. Sai a wanke da asid ko a kawo injin haƙa ya kankare, wani lokaci kuma a haƙura da ita.

Ɗakin injuna, da muka shiga rana ta uku, shi ne wuri mafi tsabta da sauƙin fahimta. Kafin tururi ya iso, akwai tarkuna a ƙasan bututu da ke zubar da ruwan da ya taru a hanya, sai wata tukunya ta ƙarshe mai tace ɗigon da ya rage. Ɗigon nan su ne abokan gaba: suna ɗauke da gishiri da silika, suna kwanciya a kan fukafukan farko na farfelar injin su toshe hanya, a layin ƙarshe kuma suna zaizaye bakin ƙarfe kamar yashi. Idan aka ga matsi na hawa a bakin injin alhali wutar da yake bayarwa ba ta ƙaru ba, ƙanzo ya taru, sai a fesa ruwa mai tsabta cikin tururin a wanke shi yana gudu. Farfelar na juyawa sau 3,000 a minti tana jan janareta. Tsofaffin injunan kan ci tan tara na tururi a sa'a kan kowane megawat, na Olkaria II kusan bakwai da rabi, wato injin mai megawat 35 yana haɗiye tan 260 a kowace sa'a. Wannan bambanci ne ya sa aka shiga sabunta injuna ukun farko don su ba da sama da megawat 60 maimakon 45.

Bayan farfela tururin yana faɗawa tukunyar da ake fesa masa ruwan sanyi ya koma ruwa, matsin cikinta ya sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na iskar waje, kuma wannan zuƙar tana daga abin da ke ba injin ƙarfi. Sai dai tururin ƙasa yana tafe da iskar da ba ta komawa ruwa, mafi yawa kabon dayoksaid, da ɗan haidurojin salfaid mai warin ƙwan. Idan ba a zuƙe su ba za su cika tukunyar, zuƙar ta mutu, wuta ta ragu. Ana jan su da na'urori a sake su a saman hasumiyar sanyaya ruwa inda fankoki ke watsa su sama. Farin hayaƙin da ake hangowa daga nesa daga hasumiyoyin nan yake, kuma shi ne babbar ɓarakar lissafin mayar da ruwa: kusan kashi uku cikin huɗu na tururin da ya shiga injin yana tafiya sama, ba ya komawa ƙasa. Olkaria III ta bi wata hanya. Zafin yana tafasa wani ruwa daban mai saurin tafasa, fentan, shi ke juya farfela cikin rufaffiyar da'ira, ana sanyaya shi da iska, don haka kusan duk ruwan da aka ɗebo yana komawa. Tana da nata tsadar, kuma da rana tsaka idan iska ta yi zafi ƙarfinta kan ɗan sauka.

Iskar mai warin ƙwai ba abin wasa ba ce. Hanci na jin ta tun tana 'yar mitsitsiya, amma idan ta kai kusan kashi 100 cikin miliyan sai ta kashe jin warin, mutum ya ɗauka ta wuce. Ta fi iska nauyi, tana kwanciya a ramin da ke kewaye da bakin rijiya da cikin kwalbatoci, shi ya sa kowa ke rataye da ƙaramar na'urar ƙararrawa a ƙirji kuma ba a sauka rami sai an auna. Tana cin jan ƙarfe da azurfa, wayoyi da allunan lantarki su yi baƙi su daina aiki, don haka ɗakin sarrafawa a rufe yake ana tura masa iskar da aka tace da gawayi. Idan layin wuta ya faɗi injin ya tsaya, ba a rufe rijiyoyi, saboda dalilin simintin nan. Bawuloli ne ke buɗewa su karkatar da tururin cikin wani rami da aka cika da duwatsu ya fice. Da irin wannan kula injunan ke kwana suna wuni suna aiki sama da kashi 90 cikin ɗari na shekara.

Akwai abin da ba a gani daga ɗakin sarrafawa. Don gina Olkaria IV an tashi iyalan Masai kusan 150 a 2014 aka mayar da su wani sabon matsuguni. Sun kai ƙara ga masu binciken Bankin Duniya da Bankin Zuba Jari na Turai kan ingancin filin kiwo da waɗanda aka tsallake wajen rabon gidaje, aka yi zaman sulhu. Ruwan haƙa rijiyoyi kuma daga tafkin Naivasha ake jawo shi, tafkin da manoman furanni da masunta da makiyaya ke kallo da ido ɗaya. Duk sabuwar rijiyar ciko tana nufin sabon dandali, sabuwar hanya da sabon bututu a cikin gandun daji, don haka lissafin raguwar tururi yana taɓa har wanda bai taɓa jin sunan megawat ba.

Wani zai tambaya, mu fa? Muna da Wikki a Yankari, muna da Ikogosi a Ekiti, akwai Tafadek a tsaunukan Ayar kusa da Agadas. Ruwan Wikki digiri 31 ne, daidai wanka. Olkaria tana zaune ne a inda nahiyar ke tsagewa, dutsen wuta ya malalo a cikin filin shekaru kusan 200 kacal da suka wuce, ana ganin baƙin malalen na Ololbutot har yanzu ciyawa ba ta gama rufe shi ba. Ɗumin maɓuɓɓuga kaɗai ba ya nuna akwai irin wannan a ƙasa.

Kafin mu fita mun tsaya a wurin wankan da KenGen ta gina kusa da Olkaria II. Zartsin wata rijiya ne ake sanyayawa a kududdufai kafin ya shiga babban tafkin, launinsa shuɗi-shuɗi mai duhun madara saboda silikar da ke yawo a ciki. Yara 'yan makaranta sun cika shi da ihu. A bakin magudanar da ruwan ke shigowa na duƙa na kankari gefen da farce, ƙanzon ya riga ya kama simintin, irin wanda muka gani cikin guntun bututun jiya. Ma'aikacin wurin ya ce lokaci-lokaci sai sun zubar da ruwan sun bi shi da abin kankara.